Gasar kacici-kacici kai tsaye a talabijin: amsa ga wata ɗalibar aikin jarida a Maraɗi

Wata ɗaliba mai koyon aikin jarida, wadda makarantarsu ta turo staj, wato gwajin aiki, wani gidan talabijin a nan Maraɗi, ta aiko mini da tambaya. An ɗora musu, ita da abokan karatunta biyar, shirya gasar kacici-kacici tsakanin ɗaliban lise biyu, wato manyan makarantun sakandare, za a watsa kai tsaye, minti 52. Kamara uku ke gare su, da ƙaramar na'urar haɗa hoto, da kwamfuta guda. Ita aka ba jagorancin shirin. Tana so ta san ta inda za ta fara, da kuma ko kayan nan za su isa.

Ɗiyata, kayan za su isa. Na ga an yi shiri mai kyau da kamara biyu, na kuma ga shiri ya watse da kamara shida. Abin da nake so ki sa a ranki tun yau shi ne, a shirin kai tsaye babu shawarar da ake yankewa bayan jar fitilar da ke nuna an hau iska ta kama. Duk abin da zai iya tasowa, sai an zauna an yanke hukuncinsa tun da sauran kwanaki, an rubuta, kowa ya san wanda zai yi magana idan ya taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a cikin dukkan abubuwan da za ki shirya, wanda ya fi kamara da fitila da kwalliyar ɗaki nauyi shi ne katin da aka rubuta tambaya a kansa. Daga nan za ki fara.

Bari in gaya miki abin da ya sa na ce haka. Shekarun baya ina reji, wato ɗakin da ake zaɓen hoto, muna watsa irin wannan gasa tsakanin makarantu biyu. Ni na duba katunan da daddare, na ce sun yi. Cikinsu akwai wanda aka rubuta: a wace shekara aka kafa Jamhuriyar Nijar? Amsar da ke ƙasan katin 1960 ce. Wata yarinya ƴar ajin kusa da na ƙarshe ta miƙa wuya ga mikro ta ce 1958. Mai gabatarwa ya duba kati ya ce ba daidai ba, ya juya wa ɗaya ɓangaren, suka ce 1960, aka ba su maki, ɗaki ya ɗauki tafi. Kamara ta biyu tana kan yarinyar a lokacin, ina ganinta a ƙaramin allo. Ba ta yi musu ba. Ta dai buɗe baki ta rufe, ta sauke hannunta ƙarƙashin tebur, tana duban mushenta, wato malaminta, da ya miƙe tsaye a bayan masu kallo yana ɗaga littafi. Ita ce da gaskiya. An ayyana Jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ƴancin kai kuwa ranar 3 ga Agusta 1960, shi ya sa muke da bukukuwa biyu. Wayar reji ta shiga ƙara, masu kallo suna kira, amma babu wanda muka ba ikon tsayar da mai gabatarwa, ni kuma lissafin minti ya ɗauke mini hankali. Da tazarar wannan makin makarantarsu ta faɗi. Mun je mun ba su haƙuri a makon da ya biyo baya, sai dai mutanen da suka ga an ƙaryata ta a tele ba su ga ban haƙurin ba. Har yau idan na ɗauki katin tambaya fuskar yarinyar nan nake fara tunawa.

Don haka kowace tambaya sai ta kasance tana da amsa ɗaya tak, wadda za ki iya nuna ta a littafi biyu da ba su kwafi juna ba. Ki rubuta inda kika samo amsar a bayan katin. Sannan ki ba wani mutum da bai san amsar ba ya karanta, ki ce masa aikinsa ya nemo wata amsa ta biyu da za ta iya zama daidai. Idan ya samo, ko ki gyara lafazin tambayar ko ki jefar da ita.

Tarkunan suna da yawa, kuma mafi yawansu na gida ne. Za ki so ki tambayi tarihin Maraɗi, ya kuma kamata ki tambaya, don yaranmu sun fi sanin kogunan Faransa a kan Gulbin da ke bayan gidajensu. Amma shekarar kafa garin ba ta shiga gasa, domin marubuta sun saɓa a kanta. Abin da babu gardama shi ne Katsinawa ne da suka baro Katsina bayan jihadi suka kafa sarautarsu a nan, kuma har yau sarautar Katsina ce sunanta. Ki tambayi wannan. Ki tambayi shekarar da ambaliyar Gulbi ta ci tsohon gari aka hau tudu, 1945. Ki tambayi garin da Gobirawa suka mayar da fadarsu, amma ki rubuta a kati cewa Tsibiri da Tibiri duka an karɓa. Haka Damagaram da Zinder idan an tambayi inda babban birnin ƙasa yake kafin a mayar da shi Yamai a 1926, haka Tasawa da Tessaoua, haka Tawa da Tahoua. Yaron da ya faɗi sunan da kakarsa take faɗi bai yi kuskure ba.

Akwai kuma tambayoyin da amsarsu ke tsufa. Taken ƙasa ya canza a 2023. Matsayin harsuna ya canza a 2025, lokacin da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wanda ya kwaso tambayoyi daga tsohon littafin lakwal zai ba yara amsar da ta riga ta mutu. Kokowa ma haka. Idan kin tambayi sau nawa wani ɗan kokowa da ke fage har yanzu ya ɗauki takobi, wata gasa ɗaya ta isa ta canza lissafin. Gara ki tambayi abin da ya zauna, kamar garin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, wato Tawa.

Lissafin kuɗi da Hausa shi ma rami ne. Mu nan idan an ce ɗari a kasuwa, dala ɗari ake nufi, wato sefa 500, jaka kuwa sefa 1000. Yaron da ya yi karatunsa da Faransanci zai ji ɗari ya lissafa 100, wanda ya tashi a shagon ubansa zai lissafa 500, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba. In za ki sa lissafin kuɗi, ki faɗi dala ko ki faɗi sefa a fili cikin tambayar.

Tambayoyin addini kuwa, ki yi taka-tsantsan ninki biyu. Surorin Alƙur'ani 114 ne, izu 60, wannan kowa ya yarda. Amma adadin ayoyi ya bambanta da irin ƙirgar da aka bi, kuma a garin nan akwai wanda ya yi karatun allo da ruwayar Warshu, akwai wanda ya yi Islamiyya da ta Hafsu. Duk mas'alar da malamai suka saɓa a kanta ba ta da wuri a gasar yara. Ki kai wa malami mai natsuwa waɗannan katunan ya duba kafin ranar.

Wani abu da nake ganin ɗalibai suna rainawa shi ne kacici-kacicinmu na gargajiya. Gasar makarantu da muka saba gani, wadda ake kira Génies en herbe, daga Kanada ta samo asali ta bazu a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, kuma tana da amfaninta. Amma mu ma muna da namu tsarin tun kafin tele, har da dokarsa: wanda ya kasa amsa sai ya ce na ba ka gari, ya ba da gari, a faɗa masa amsa. Ki ware zagaye guda na minti biyar don wannan. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Baba na ɗaka gemu na waje. Lokacin da aka jefa irin waɗannan, tsohuwar da ke tsakar gida tana tankaɗe za ta ɗago kai ta riga ɗan lise amsawa, kuma daga ranar ta zama mai kallon shirinki. Ki dai kula, wasu kacici-kacicin amsarsu ta bambanta daga gari zuwa gari, don haka su ma sai an tace su kamar sauran.

Yawan tambayoyi: ki ɗauka kowace za ta ci kamar daƙiƙa 40 idan aka haɗa karantawa da tunani da amsa da faɗin maki. Bayan an cire buɗewa da gabatar da yara da talla da rabon kyauta, abin da zai rage miki na wasa bai wuce minti 35 ba, kusan tambaya 50 ke nan. Ki rubuta 100. Ki jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ki tabbatar kowane ɓangare ya fara da wadda zai iya amsawa, domin yaron da ya ci ta farko muryarsa takan saki. Ki ware guda uku a ambulan daban saboda kunnen doki.

Sai alƙali. Wannan shi ne mutumin da ba mu da shi ranar da na ba ki labari. Ki samo malamin makaranta da ba ya koyarwa a ɗaya daga cikin lise biyun, ki zaunar da shi a tebur nasa inda kamara za ta iya kama shi, da mikro nasa, da kwafin dukkan katuna. A rubuta a cikin doka cewa yana da ikon tsayar da wasa, kuma hukuncinsa ne na ƙarshe. A rubuta cewa kowane ɓangare yana da damar ƙalubalantar hukunci sau ɗaya, ta bakin shugaban ƴan wasa, ba ta bakin mushe ba. A rubuta ko amsar farko ake ɗauka ko ana iya gyarawa kafin lokaci ya cika. A rubuta abin da za a yi idan wani cikin masu kallo ya furta amsa: a soke tambayar, a ɗauko wata. Dokar nan kada ta wuce shafi guda. Ki kai wa shugabannin makarantun biyu mako guda kafin ranar, su karanta su sa hannu. Rigimar da aka yi a ofis da shayi a gaba ta fi wadda za a yi a gaban kamara sauƙi.

Sirrin tambayoyi yana hannun mutum uku: ke, da alƙali, da wanda ya tace. Kada ki tura su ta WhatsApp, ko ga abokan aikinki. Maraɗi gari ne da kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma akwai yiwuwar wani zai zo miki da murmushi ya ce ai ɗan wane yana cikin masu wasa, a ɗan haska masa. Mai yiwuwa ma wanen shi ne ya ba da kuɗin kyauta. Ki ba shi haƙuri cikin ladabi ki ce katunan suna wurin alƙali. A Amurka cikin shekarun 1950 an gano manyan shirye-shiryen gasa suna ba wasu ƴan takara amsa a ɓoye don jawo masu kallo, abin ya kai gaban majalisa, har a 1960 aka yi dokar da ta mayar da shi laifi. Shirye-shiryen da aka kama rufe su aka yi. A nan ba sai an je majalisa ba, rana ɗaya maganar za ta zagaye kasuwa, kuma sunanki ne a kanta tun ba ki karɓi takardar kammalawa ba.

Tunda na ambaci kyauta: abin da ba ya cikin ɗakin a ranar, kada a ambace shi a iska. Alhazan garin nan suna da hannun kyauta, kuma da yawansu za su ji daɗin a ce sun tallafa wa karatu. Ki karɓi kayan tun da wuri, littattafai ne, ƙamus ne, jakunkuna ne, ki jera su a tebur kamara ta gani. Wanda ya faɗi ma ya koma gida da wani abu a hannu. Waɗanda ba su kai shekara 18 ba kuma, ki nemi iznin iyayensu a rubuce ta hannun makaranta, musamman ƴan mata, kada a wayi gari wani uba ya ga ɗiyarsa a Facebook bai san da zancen ba.

Yanzu kayan aiki. Maganar ƙararrawar da ake dannawa don rigen amsa, shawarata ita ce: in ba ki da wadda ke kulle ta biyu da zarar an danna ta farko, ki bar ta. Mai gyaran lantarki da ya san aikinsa zai iya haɗa miki da maɓallan ƙofa da fitilu biyu, ko ɗaliban fasaha na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo su haɗa da ƙaramin allon lantarki da ake kira Arduino, ba abu ne mai tsada ba. Amma a gwada ta sau hamsin a gabanki. Kada ki ce ɗaga hannu za a yi alƙali ya duba wanda ya riga. Kamararmu hoto 25 take ɗauka a daƙiƙa, kuma sau da yawa hannaye biyu a hoto ɗaya suke tashi, ko an mayar da faifai ba za a raba gardamar ba. In babu na'urar kirki, a yi bi da bi: tambaya ga wannan ɓangare, daƙiƙa 10, in sun kasa ta koma wancan da rabin maki. Wannan tsarin ba ya rage wa wasa armashi.

Kamara uku: ɗaya a tsakiya ta ɗauki ɗakin gaba ɗaya, kada ta motsa, ita ce mafakarki duk lokacin da kika rikice. Sauran biyun su yi giciye, ta hagu tana kallon ɓangaren dama, ta dama tana kallon na hagu, kowace kuma tana iya juyawa ga mai gabatarwa. Dukansu su tsaya a gefe ɗaya na ɗakin, in ba haka ba mai kallo zai ga ɓangarorin biyu suna duban waje ɗaya ya rasa wa ke fuskantar wa. Ki nuna wa kamarorin uku farar takarda ɗaya a ƙarƙashin fitilar da za a yi aiki da ita, a daidaita fari, don kada fuskar yaro ta yi ja a wannan ta yi shuɗi a waccan. Ki rufe tagogi, hasken rana da na fitila ba sa shiri. Ki kuma aika wa yaran da mai gabatarwa saƙo kada su sa farar shadda mai ƙyalli ko riga mai ƙananan zane. Farar shadda takan sa kamara ta rage haske, sai fuskar baƙin mutum ta nutse, a ga riga ba a ga mai ita ba. Ƙananan zane kuwa rawa suke yi a allo.

Abin da za ki nema da kamarorin nan fuska ce. Sabon mai haɗa hoto yakan bi mai magana kawai, wanda ya buɗe baki a nuna shi. A gasa kuwa, abin kallo yana wurin wanda bai yi magana ba tukuna: yaron da ya runtse ido yana motsa leɓe, wadda ta dafe ƙirji ta san amsa amma ba layinta ba ne, biyun da suka haɗa kai suna raɗa. Da zarar an gama karanta tambaya, ki bar mai gabatarwa ki koma kan yaran, ki zauna a nan. Ki gaya wa mai gabatarwa kada ya cika daƙiƙun nan da surutu. Shirun nan shi ne lokacin da na gida yake tasa amsar.

Sauti ya fi hoto saurin korar mai kallo. Mutum zai jure hoto mai hazo, ba zai jure rashin jin amsa ba. Mikro na wuyan riga ga mai gabatarwa, ɗaya a kan tebur ga kowane ɓangare, ɗaya ga alƙali, batura sababbi a ranar, wasu kuma a aljihun mai kula da sauti. Yaranmu, musamman mata, an tarbiyyantar da su da sassauta murya a gaban manya, don haka ki zauna da su kafin shiri ki nuna musu tazarar baki da mikro, ki sa kowa ya faɗi sunansa da ƙarfi sau biyu. Mutum ɗaya cikin ku shida aikinsa kawai ya sa abin sauraro a kunne ya riƙe na'urar sauti, kada a aike shi ko'ina.

Kiran masu kallo ta waya, a shirinki na farko, na fi son ki bar shi. In kuwa dole ne, a tace mai kira kafin a sa shi a iska, a ce ya kashe sautin telensa, kuma abin da za a mayar masa ta waya ya zama sautin ɗakin ban da muryarsa, in ba haka ba za ki ji kuwwa da amsa-amo. In kuna watsawa a Facebook a lokaci guda, ki sani hoton can yana makara da daƙiƙu masu yawa, don haka ba a haɗa mai kallon tele da mai kallon waya a rigen amsa. Kiɗan buɗe shiri kuma, kada ki ɗauko waƙar wani haka kawai. Facebook yakan toshe sauti in ya gane waƙa mai haƙƙin mallaka, kuma a ƙasar nan akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa. Ki nemi wani makaɗi ya buga miki kalangu ko gurmi na daƙiƙa 20, ki biya shi, ki sa sunansa a ƙarshen shiri.

Sai kuran, wato wutar lantarki. Ba sai na gaya wa ƴar Maraɗi ba. Wutar yankin nan ta layin da ya taso daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha bayan an yanke ta a watan Agusta 2023. Shawarata, ki tayar da gurup, wato injin ba da wuta, tun rabin awa kafin shiri ki yi aikin gaba ɗaya a kansa, da mai cike da tanki, a ajiye shi nesa da bangon ɗakin saboda ƙara. Na'urar haɗa hoto da kwamfuta da na'urar sauti su bi ta ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, kamarori kuma da baturansu a jiki. Ki shirya faifai na minti biyu, hotunan makarantun biyu da kiɗa, wanda za a saka nan take in wani abu ya tsaya. A cikin dokar nan ta shafi guda ki ƙara layi: in shiri ya katse, maki yana nan yadda yake a takardar alƙali. Shi ya sa mutum biyu ke riƙe maki, ɗaya a kwamfuta don allo, ɗaya da biro, wato alƙali, kuma in sun saɓa ta biro ake bi. In a watan Afrilu ko Mayu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki ɗaga kwamfutar daga kan tebur iska ta ratsa ƙarƙashinta, ki sanyaya ɗakin kafin a fara, ki ajiye wa yaran ruwa a ƙasan tebur.

Takardar tafiyar shiri, wadda muke ce wa kondiktar, ita ce za ta riƙe ku shida a kan hanya ɗaya. Kowane layi da lokacin farawarsa da tsawonsa da wanda ke magana da kamarar da ke kai. Ki lissafa ta daga ƙarshe zuwa farko. In za ku sauka ƙarfe 5 da minti 52, rabon kyauta da sallama minti huɗu, to dole zagayen ƙarshe ya ƙare da minti 48, ko an gama katuna ko ba a gama ba. Ki sa zagaye guda a tsakiya wanda za a iya taƙaitawa ko a tsawaita ba tare da an cuci kowa ba, muddin ɓangarorin biyu sun sami tambayoyi daidai wa daida. Ki kuma dubi lokacin salla. A Nuwamba da Disamba wajen ƙarfe 6 rana take faɗuwa a nan, in kika makara da minti goma, kiran magariba zai shigo miki ta mikro, masu kallo kuma sun tashi alwala daidai lokacin da ake faɗin wanda ya ci.

Rabon aiki: ke a reji kina kiran hoto, ɗaya a sauti, ɗaya a maki da rubutun allo, biyu a kamarorin gefe, ɗaya a cikin ɗakin kusa da kamarar tsakiya yana isar da saƙonki ga mai gabatarwa da hannu. Ku yarda da alamu huɗu ko biyar: saura minti ɗaya, gaggauta, ja lokaci, tsaya alƙali zai yi magana. Ke kuma ki saba da kira kashi biyu, ki ce ta biyu shirya, sannan ki ce ta biyu ɗauka, don mai kamara ya daina motsi kafin hotonsa ya fita. Murya ɗaya ake ji a reji, taki. Kada ki yi tsawa ko da an yi kuskure, domin mai kamarar da aka daka wa tsawa hannunsa rawa yake yi har ƙarshen shiri. Gyara sai an sauka.

Mai gabatarwa ba sai ya fi kowa iya zance ba. Wanda nake nema shi ne mai karanta tambaya sarai ba gargada, mai jin Hausa da Faransanci duka, wanda ba zai yi wa yaro dariya ba in ya kasa, kuma fuskarsa ba ta nuna ɓangaren da yake so. A ba shi katunan awa guda kafin shiri, a ɗaki da alƙali, ya karanta kowanne da babbar murya, a gyara masa sunayen da ke masa nauyi a baki. Ki koya masa jimla ɗaya da zai riƙa faɗi duk lokacin da amsar yaro ta saɓa da kati amma ba ta yi kama da shirme ba: bari mu ji ta bakin alƙali.

Kwana biyu kafin ranar ku yi gwaji cikakke, da agogo, daga kiɗan buɗewa har sallama, abokanku su zauna a kujerun yaran, da tambayoyin bogi. A tsakiyar gwajin, ba tare da kin faɗa wa kowa ba, ki sa wani ya zare wayar kamara ɗaya, wani ya yi gardamar maki, wani ya furta amsa daga cikin masu kallo, ki ga ko kowa ya tuna abin da aka rubuta. Ki naɗi gwajin ku zauna ku kalla tare. Ranar shirin kuma ki tabbatar ana naɗa a wuri biyu, don malamanki za su nema, makarantun ma za su so kwafi.

Yaran su iso awa biyu kafin lokaci, su ci abinci, su zauna a kujerunsu fitilu a kunne har idonsu ya saba. Ki fito daga reji ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kowa yadda yake so a kira sunansa, ki rubuta daidai don allo. Ki nuna musu alƙali, ki gaya musu cewa duk wanda ya tabbata amsarsa daidai ce aka ce ba daidai ba, ya taɓa shugabansu ya ɗaga hannu, za a tsaya a saurare shi. Sannan ki koma ciki, ki sa abin sauraronki, ki kira kowa da sunansa ki ji ya amsa, ki fara ƙirga daga goma.